Lamba 1026

A hutun damina da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya kawo mini ziyara, yana tallabe da wani abu lulluɓe da zane, kamar mai kai ƙwaryar nono kasuwa. Da ya yaye zanen sai na ga ƙaramin gini na kwali da kara da laka, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Samfurin zauren majalisa ne, aikin da ya kammala karatun zanen gine-gine da shi a Lome. Ya nuna mini inda inuwa za ta faɗa da azahar, da inda iska za ta ratsa, da zauren shiga inda talaka zai zauna ya jira wakilinsa ba tare da rana ta gasa shi ba.

Na tambaye shi ko hukuma ta gani. Ya ce: "Malam, sun gani, har sun yaba." Wata majalisa ce ta gayyace su, shi da abokan karatunsa, aka jera samfurorinsu bisa tebur, aka yi jawabi, aka tafa, aka miƙa wa kowa takardar yabo mai hatimi. Da maganar gini ta taso kuwa, ba wanda ya sake nemansu.

Daren nan na kwana da tunanin Maya Lin. A 1980 majalisar dokokin Amurka ta ware fili a Washinton don a gina abin tunawa da sojojin ƙasar da suka mutu a yaƙin Biyetnam. Aka buɗe gasa ga kowane ɗan ƙasa baligi, aka karɓi zane 1,421. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sharaɗin gasar: alƙalai ba sa ganin suna, lamba kawai suke gani. A 1981 suka zaɓi lamba 1026. Da aka duba sai aka tarar ɗaliba ce ƴar shekara 21 a jami'ar Yale, wadda ko digirin farko ba ta gama ba, zanen ma a cikin aikin aji ya samo asali. Bango biyu ne na baƙin dutse mai sheƙi, kowane kusan mita 75, suna nitsewa cikin ƙasa har su haɗu a kusurwa. An sassaƙa sunayen mamatan, kusan 58,000, bisa jerin ranakun mutuwarsu, ba a rubuta muƙamin kowa ba. Mai neman sunan ɗansa sai ya ga fuskar kansa a jikin dutsen.

Ni malami ne, na san abin da suna ke yi wa alƙalami. A cikin aji, in na ɗauki takarda na ga sunan yaron da ya saba ƙoƙari, hannuna yakan yi laushi tun ban karanta layin farko ba. In na ga na mai surutu a bencin baya, sai jan biro ya fara ƙaiƙayi. Ba na alfahari da wannan, amma haka ne. A jarrabawar ƙasa kuwa, inda ake rufe suna a bar lamba, sau da yawa na ba takarda maki mai kyau ina tambayar kaina ko da zan ba ta hakan in na san mai ita. Da alƙalan Washinton sun san yarinya ce, ƴar baƙin da suka zo daga Sin, ina shakkar su kai ga zaɓenta.

Dalilin shakkata shi ne abin da ya biyo baya. Suna na fitowa, rigima ta tashi. Wasu tsofaffin sojoji suka ce baƙin bango a cikin rami alamar kunya ce, wasu suka kai ga zagin asalinta. Ƴan majalisa da dama suka shiga sahun masu suka, ministan cikin gida James Watt ya riƙe izinin gini, sai da aka yarda a ƙara tuta da mutum-mutumin sojoji uku a gefe, abin da ita ba ta so ba. Duk da haka an buɗe bangon a Nuwamban 1982. Lambar yabo ta shugaban ƙasa sai a 2016 Barack Obama ya rataya mata ita, shekara 34 bayan ginin ya tsaya. Ɗalibina shi da yabon aka fara masa, kuma a nan aka tsaya.

Ba na cewa samfurinsa ya fi na kowa. Ni Faransanci da Hausa nake koyarwa, ban san lissafin ƙarfe da siminti ba, mai yiwuwa rufin nasa ba zai jure ruwan Agusta ba. Abin da ke damuna shi ne ba a taɓa auna aikin ba balle a kayar da shi. Da an sa shi cikin gasa ya faɗi, da ya san inda zai gyara. Takardar yabo ba ta faɗa masa kome ba.

Da zai tafi ya ce in ajiye masa samfurin, ɗakin da yake haya a Yamai ba wuri. Yana bisa kabad ɗina yanzu. Nakan sauko da shi ranar Lahadi in kakkaɓe ƙura, in duba ko gara ta shiga karan.