Tsohuwar jaket ɗina ta hawan keke

Yayana ne ya bar mini ita tare da kekensa a shekarar da ya tafi jami'a. Shi ma a gwanjo ya saye ta, a kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano, don haka ta sha jiki tun kafin ta zo hannuna. Rawaya ce mai kashe ido, ko da yake rana da wanki sun sa ta koɗe. Ranar farko da na sa ta zuwa makaranta, 'yan ajinmu suka yi ta tsokanata, wai na samu aikin gyaran titi. Kunya ta kama ni, na cusa ta a jaka. Sanyin watan Janairu ne ya sa na sake fito da ita.

Duk wanda ke tuƙa keke da sassafe lokacin hunturu ya san akwai sanyin da mai tafiya a ƙasa bai sani ba. Kana ƙara gudu, iska na ƙara dukan ƙirjinka. Da na sa suwaita mai kauri, iska ta riƙa ratsa saƙarta tana shiga jikina. Ita kuwa wannan jaket ba ta da kauri ko kaɗan, amma yadinta mai kama da leda ba ya barin iska ta wuce. A nan na fara ganin girmanta.

Daga baya na lura cewa ɗinkin da ake yi wa dariya yana da dalili. Bayanta ya fi gabanta tsawo, saboda mai keke a sunkuye yake, kada ƙugunsa ya buɗe. Aljihunta ma a baya yake, don abin da ka sa a ciki kada ya riƙa dukan cinyarka. Ba ta da nauyi, idan na naɗe ta ba ta fi littafi ɗaya cin wuri a jaka ba. A ranakun hazo kuma launin nan da nake jin kunya ne ke sa direbobi su hango ni daga nesa.

Amma tana da nata aibu. Yadin da ke tare iska shi ne ke riƙe zufa, in rana ta take sai in ji kamar an rufe ni a tukunya. Da damina ta zo na gane ba ta tare ruwa kamar da, domin yawan wanki da omo ya cinye abin da aka shafa wa yadin don ruwa ya riƙa zamewa. Zif ɗinta yana maƙalewa a tsakiya. Akwai kuma huda a kafaɗa, wadda ni na yi da kaina ranar da na ɗora mata dutsen guga mai zafi, yadin ya narke nan take.

Duk waɗannan na san su. Aibin da ya kusa halaka ni shi ne wanda ban taɓa dubawa ba.

A bayan jaket ɗin da hannayenta akwai wani zane mai launin azurfa da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haska shi. Saboda shi ne ban damu ba da danjar kekena ta fashe, ban kuma sayi fitila ba. Wata rana na tsaya darasin yamma, ban baro makaranta ba sai bayan magariba. Ina cikin tafiya a gefen titi na ji ƙarar birki, Adaidaita Sahu ya taɓa kariyar kekena, na tsinci kaina a ƙasa gwiwar hannu na jini.

Direban ya fito jikinsa na rawa. Ya ce, "Yaro, ba ka da fitila ne? Wallahi sai da na zo dab da kai na gan ka."

Na ce, "Malam, ai rigata tana ƙyalli."

Bai yi mini gardama ba. Ya kunna tocilar wayarsa ya haska ni. Jakar makaranta da na goya ta rufe zanen baya gaba ɗaya, na hannu kuwa ya tsattsage ya ɓaɓɓare, saura ɗan kaɗan. Ashe na daɗe ina yawo cikin duhu ina dogara da abin da babu shi.

Washegari na tambayi malaminmu na kimiyya. Ya ce irin wannan zane yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gilashi da ke mayar da haske inda ya fito, idan suka goge shi ke nan. Ya ce launin rawaya kuma da hasken rana yake aiki, da dare ba ya taimaka wa kowa.

Umma ta ce in yar da jaket ɗin. Na roƙe ta ta bar mini, domin laifin nawa ne. Tela ya canza zif, ya yi wa kafaɗar faci. Na tara kuɗin tara na sayi danja da ƙaramar fitila, jakar kuma yanzu a kariya nake ɗaure ta. Har yau ina sa jaket ɗin, amma don iska da hazo kawai, abin da na tabbata tana iyawa.

Idan kai ma kana da irin wannan riga, ka rataye ta yau da dare, ka ja baya, ka ɗora tocila kusa da idonka ka haska ta. Gara ka gane gaskiyarta a tsakar gida da ka gane ta a kan titi.