Naman Bama A Ƙasar Yauri

A garin Yelwa ta ƙasar Yauri, kusa da bakin Kwara, akwai wani gida wanda maƙwabta su kan shaida tukunyarsa ran Babbar Salla tun daga ƙofar zaure. Ko wane gida ana suyar naman layya, amma a nan sai an ware wani kaso an dafa shi da ɓawon lemun tsami. Mutanen gidan suna ce da shi naman Bama. Wadda ta iya shi kuwa tsohuwa ce, shekarunta sun haura 70, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan wanda ya zo da shi.

Ga yadda abin ya samo asali. Ubanta mutumin wani gungu ne a ƙasar Ngaski, sana'arsa noman albasa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi sai aka ɗauke shi soja. A cikin 1943 Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta shiga jirgin ruwa, aka kewaya ta kudancin Afirka, aka sauka Bombai a ƙasar Indiya. Daga nan aka kai su Citagon, wani birni na bakin teku, inda su ka bi su ka shiga dazuzzukan Kogin Kaladan don su yaƙi Jafanawa a ƙasar Bama. A wancan zamani Citagon tana cikin Indiya, hannun Ingilishi. A 1947 ta faɗa cikin Pakistan ta Gabas, tun 1971 kuwa tana cikin ƙasar Bangaladash.

Sun isa ƙasar ne cikin baƙar shekara, gama a 1943 aka yi yunwar Bangal, wadda ta kashe mutane fiye da miliyan 2. Ana cikin yaƙi zazzaɓi ya ka da mutumin nan, aka komo da shi baya, aka kwantar. Ya rame ƙwarai, bakinsa ya ƙi abinci, naman gwangwani kuwa zuciyarsa ba ta kwanta da yankansa ba. To, akwai wani kuku a wurin, Musulmi ne mutumin Silhet. Ran nan ya ga majinyacin yana salla a zaune, ya yi masa sallama, ya amsa. Ba mai jin harshen wani, sai abin da su ka haɗu a kai na Larabcin salla. Kashegari kukun ya zo da ɗan kwano a rufe, ya nuna nama, ya ce, "Halal," ya ce, "Bismillahi." Ƙanshi ya bugi hancin majinyaci, ya ci, ya suɗe kwano. Daga ranar bakinsa ya buɗe.

Abin da ya ba naman ƙanshi wani lemo ne da mutanen Silhet ke kira satkara. Kore ne, ya fi lemun tsami girma nesa, ɓawonsa da kauri, ruwansa kaɗan ne, ga tsami ga ɗaci. Ba a shan shi kamar lemun zaƙi. Ɓawon a ke yayyankawa a dafa da naman shanu ko kifi, har yau kuwa abinci ne da a ke sanin mutanen Silhet da shi. Da majinyaci ya sami ƙafa, ya kan zauna bakin murhu yana kallon hannun kukun, har ya haddace aikin. Sunan mutumin ma bai riƙe ba, amma ya riƙe sunan lemon.

A 1946 aka sallame shi, ya komo gungunsu, jama'a na kiransa Saja. Satkara dai babu ita a ƙasar Hausa, saboda haka ya dasa lemun tsami a bayan ɗakinsa. Ran da ya fara nuna wa matarsa, sai ta riƙe baki, ta ce, "Maigida, wa ya taɓa zuba ɗaci cikin nama da gangan?" Tukunyar fari kuwa ta gaskata ta, don ko yara sun ƙi ci. Ba su fasa ba. Su ka yi ta gwadawa shekara da shekaru, har matar ta gano yadda za a karya ɗacin a bar ƙanshin. Duk Babbar Salla Saja ya kan sa a dafa, a fara zuba wa baƙo ko matafiyi, sa'an nan ya yi wa kukun nan addu'a. Ya kan ce wa 'ya'yansa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, tafki ya cika, ruwa ya hau gungaye da fadamu. Gwamnati ta ta da mutane dubbai, ta gina musu sababbin garuruwa a tudu. Ɗakin Saja da gonar albasarsa da itacen lemonsa duk su ka nutse. 'Yarsa tana budurwa a lokacin, ta ga ubanta ya tsinke lemon da ya rage, ya ƙulle a bakin riga, ya shiga jirgi bai waiwaya ba. Daga baya aure ya kawo ta Yelwa, ta taho da abin da ta koya a kanta.

To, bara tsohuwa ta yi ciwo ana gab da Salla, surukanta su ka dafa naman, ya fito da ɗaci kamar maɗaci. Abin ya dame ta, don ta ga in ta kwanta dama naman Bama ya bi itacen lemo. Tana da jika, matar aure, wadda ta gama ajin yaƙi da jahilci. Bana sai jikar ta zo da littafi da fensir, ta zauna bakin murhu.

Tsohuwa ta ce, "Kishiya, me za ki yi da takarda a madafa?"

Ta ce, "Kaka, ki dafa, ni in rubuta."

Tsohuwa ta ce a zuba mai kaɗan. Jika ta ce, "Kaka, kaɗan ba ya rubutuwa. Ludayi nawa?" Aka yi dariya, aka auna. Ga abin da ya shiga littafin. Ga nama kilo 1, a yanka albasa 4 a soya cikin man gyaɗa ludayi 1 har ta yi ja. A daka citta da tafarnuwa da gangamau da barkono da kanumfari da kirfa, a zuba, a juya. A sa nama da gishiri, a yi ta juyawa har ya tsotse ruwansa, mai ya taso. Sa'an nan a ƙara ruwan zafi, a janye itace, a bar shi ya dahu sannu. Ana nan a fere koren ɓawon lemun tsami 2, ban da farin ciki, ban da 'ya'ya, a tsoma a tafasasshen ruwa a zubar da ruwan. Kada ɓawon ya shiga tukunya sai nama ya yi taushi. Ruwan lemon kuwa sai an sauke a ke matsawa. A ci da shinkafa.

Tsohuwa ta ce, "Rubuta kuma, mai gaggawa shi ke cin ɗaci. Rubuta a fara zuba wa baƙo." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Rubuta satkara, da mutumin Silhet, a riƙa sa shi cikin addu'a."

Jika ta rubuta, ta karanta mata daga farko har ƙarshe, tsohuwa na gyara ta. Da aka sauke tukunya, kwanon fari ya tafi ga wani ɗan kwale-kwale mutumin Shanga da ya kwana a zaure. Littafin kuwa yana cikin akwati, an riga an kwafa wa gidaje uku. Allah ya jiƙan Saja, ya jiƙan wanda ya ciyar da shi, amin.