Afrilu a Pittsburgh, da Lissafin Shekaru Shida

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya fara wannan magana bai taɓa goyon bayan ƙungiyar besbol ta Pittsburgh Pirates ba. A shekarar 2023 ƙungiyar ta ƙare watan Afrilu da nasara 20 da rashin nasara 9, tana saman rukuninta, jaridun birnin suna ta lissafin abin da zai faru a watan Oktoba. Da kakar ta zo ƙarshe, ta ci wasa 76, an cinye ta a 86. A 2012 ma, har cikin watan Agusta nasarorinta sun ɗara rashin nasararta da wasa 16, amma ta rufe shekarar da 79 da 83. Larabarmu takan yi kyau matuƙa. Juma'ar ce ba ta zuwa.

Ga wanda bai san wasan ba, sai na ɗan yi shimfiɗa. A babbar gasar besbol ta Amurka akwai ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Wasa ne da sa'a ke da babban rabo a cikinsa a kowace rana guda: ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi takan ci kamar shida cikin goma, mai rauni kuma takan ci kamar huɗu. Tazarar ba ta da yawa, shi ya sa sai an tara wasanni masu ɗimbin yawa kafin gwani ya fita daga cikin 'yan koyo. Wasannin Afrilu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na kakar ba, kuma ana yin su ne cikin sanyi, lokacin da ƙwallo ba ta tafiya da nisa a iska, masu bugu kuma hannunsu bai gama sakewa ba. Duk mai hankali ya san sakamakon wannan wata bai isa hujja ba. Amma kuma shi kaɗai ne watan da magoya bayan Pirates ke da tabbacin samu kowace shekara, don haka muke riƙe shi da hannu biyu.

Karatu ne ya kai ni Pittsburgh, kuma arhar tikiti ce ta fara kai ni filin wasa; ƙungiyar da ba ta cin wasa kujerunta ba sa tsada. Filin, wanda ake kira PNC Park, an buɗe shi a 2001 a bakin kogin Allegheny, kuma ko abokan hamayya sun yarda yana cikin mafi kyawun filaye a ƙasar. Daga kujerarka kana hangen dogayen gine-ginen birnin a hayin ruwa, da wata gada mai launin ɗorawa da ake rufe wa motoci a ranar wasa domin masu tafiya a ƙasa. Gadar tana ɗauke da sunan Roberto Clemente, ɗan Puerto Rico da ya yi wa ƙungiyar wasa shekara 18, ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 31 ga Disamba, 1972, yana kai kayan agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nicaragua. Ƙungiya ce mai asali: sau biyar tana cin kofin World Series, a 1909 da 1925 da 1960 da 1971 da 1979. Ita ce ta fara fito da jerin 'yan wasa tara da babu farar fata ko ɗaya a cikinsu, a watan Satumban 1971, kuma ita ce ta sa Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu a wasa a 2017, mutum na farko haifaffen nahiyarmu da ya taka wannan mataki. Tarihi dai akwai shi har ya yi yawa. Sai dai tarihi ba ya jefa ƙwallo.

Dattawan birnin suna iya gaya maka daren da abin ya lalace. Ranar 14 ga Oktoba, 1992, a Atlanta, wasa na bakwai kuma na ƙarshe na neman zuwa World Series. Pirates na gaba da maki 2 da nema har zagayen ƙarshe. Sai wani ɗan wasa da ba a cika sa shi ba, Francisco Cabrera, ya buga ƙwallo zuwa hagu, Barry Bonds ya ɗauka ya wurgo, amma Sid Bream, tsohon ɗan Pirates mai ciwon gwiwa wanda kowa ya san ba ya gudu, ya riga ƙwallon isowa da ƙiris. Aka tashi 3 da 2. Bayan 'yan makonni Bonds ya koma San Francisco inda kuɗi suke. Daga 1993 zuwa 2012, shekara 20 a jere, Pirates ba ta taɓa ƙare kaka da nasara fiye da rashin nasara ba, abin da babu wata ƙungiya a manyan wasannin Arewacin Amurka da ta taɓa yi. An haifi yara, sun yi wayo, sun shiga jami'a, ba su ga shekara ɗaya mai daɗi ba.

Na ga abin da ke faruwa idan fari irin wannan ya karye. A daren 1 ga Oktoba, 2013, ban sami tikiti ba, sai na tsaya cikin cincirindon mutane a kan gadar Clemente muna leƙen abin da ido zai iya kaiwa. Kowa ya sa baƙaƙen kaya. 'Yan kallo suka dinga rera sunan mai jifan Cincinnati, Johnny Cueto, a hankali cikin tsokana, har ƙwallo ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa. Jifan da ya biyo baya Russell Martin ya buge shi ya tsallake katanga. Wani tsoho kusa da ni, wanda ban taɓa gani ba, ya rungume ni yana kuka kamar an yi masa albishir da jika. Shekara uku aka yi ana wannan daɗi. A 2015 ƙungiyar ta ci wasa 98, amma Chicago Cubs ta fitar da ita a wasa ɗaya tak. A Janairun 2018, cikin 'yan kwanaki, aka miƙa gwanin jifanta Gerrit Cole ga Houston, aka miƙa Andrew McCutchen, wanda shi ne fuskar ƙungiyar, ga San Francisco.

A nan ne shakkata take, kuma ba ta shafi ko 'yan wasan sun iya ba. A tsarin besbol, ƙungiya tana da iko da ɗan wasan da ta raina har ya cika shekara shida a babbar gasa. Shekaru ukun farko albashinsa kaɗan ne, uku na gaba yana hawa, bayan haka ya zama ɗan kansa, ya je inda aka fi taya shi. Babu dokar da ta ƙayyade iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi. Haraji kawai ake ɗora wa mai wuce gona da iri, masu hali kuma suna biya ba tare da sun ji a jikinsu ba. Los Angeles Dodgers ta ɗauki Shohei Ohtani a kan dala miliyan 700 a ƙarshen 2023. Kwantiragin da Pirates ta ba Bryan Reynolds a wannan shekarar, mafi girma a tarihinta a lokacin, bai kai miliyan 107 ba. Saboda haka duk tauraron da ya fito a Pittsburgh, ranar da ya fara haskawa ranar muke fara ƙirga masa kwanaki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu wanda muke ƙirga wa shi ne Paul Skenes. Shi aka fara zaɓa a cikin dukkan sababbin 'yan wasa a 2023, ya shigo babbar gasa a Mayun 2024, ya ci kyautar gwarzon sabon ɗan wasa, a 2025 kuma ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. Jifansa yana kai mil 100 a sa'a, kuma a kakarsa biyu na farko, a matsakaici, ba a ci shi maki biyu cikakku a kowane zagaye tara ba. To amma a 2025 ɗin nan nasara 10 aka rubuta masa da rashin nasara 10, domin abokan wasansa sun fi kowace ƙungiya a gasar ƙarancin cin maki. Na kalli wasannin da ya hana abokan hamayya sakat har zagaye bakwai ko takwas, a ƙarshe a tashi an cinye mu da maki ɗaya. An sallami koci Derek Shelton a watan Mayu, aka ƙare shekarar da 71 da 91. Skenes zai zama ɗan kansa bayan kakar 2029, kuma in aka bi al'adar gidan, ba za a jira wannan rana ba.

Ana iya cewa talauci ne, Pittsburgh ƙaramar kasuwa ce. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, amma Milwaukee tana rukuni ɗaya da mu, yankinta bai kai na Pittsburgh yawan jama'a ba, kuma ta ɗauki kambin rukunin a 2023 da 2024 da 2025, a ta ƙarshen ma da nasara 97, fiye da kowa a gasar. Pirates rabonta da kambin rukuni tun 1992. Akwai kuma tsarin da manyan ƙungiyoyi ke zuba wa ƙanana wani kaso na kuɗin shiga, kuma a 2018 ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta shigar da ƙorafi a kan yadda Pirates da wasu ƙungiyoyi uku ke amfani da wannan kuɗi. Shi ya sa idan 'yan kallo suka ɗaga murya a filin, ba koci suke nema a kora ba. Bob Nutting, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 2007, shi suke roƙo ya sayar. Ra'ayina bai yi nisa da nasu ba, ko da yake na san mai dukiya ba ya sayar da saniyar da take ba shi nono don maƙwabta sun yi gunaguni.

Duk da haka ina farkawa domin kallo. Tun da na dawo gida, wasan da ake farawa da yamma a Pittsburgh yana kama ni ne wajen ƙarfe sha biyun dare, kuma ranar da Skenes zai yi jifa, sau ɗaya a kwana biyar ko shida, nakan haɗa shayi na zauna. Fatana yana da tushe, domin a besbol masu jifa su ne abin da ya fi wuyar samu, kuma su ne abin da Pirates take da shi. Masu bugu ana iya sayowa in an so. Abin da ba zan yi ba shi ne in duba teburin gasa a Afrilu in ɗauke shi da muhimmanci, ko ya yi kyau ko ya yi muni. Ranar da nake jira tana ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta, lokacin da ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa. A wannan mako kowace ƙungiya takan bayyana abin da ta ɗauki kanta: mai sa ran kofi ta sayo, mai yanke ƙauna ta sayar. Sau da yawa a shekarun nan na ga sunayen 'yan wasanmu suna fita a wannan mako, ana maye gurbinsu da samari 'yan shekara 20 da aka ce za su nuna nan da shekara uku. Bana Skenes na da sauran kaka huɗu, har da wadda aka fara.