Tafintoci Biyu a kan Aiki Ɗaya

Duk ɗalibin da ya taɓa aikin fassara ya san ba a raba wa mutum biyu littafi ɗaya su fassara sai an fara zaunar da su sun daidaita kalmomi. Ashe masu rubuta manhajar kwamfuta ma suna fama da wannan matsala, kuma ita na ke so in ɗan yi tsokaci a kanta.

Kwamfuta ba ta jin harshen da a ke rubuta manhaja da shi. Sai an sami wata manhaja, wadda zan kira tafinta, ta juya rubutun zuwa harshen inji. To, manyan manhajoji da yawa ba da harshe ɗaya a ke rubuta su ba. Alal misali R, wadda wasunmu ke ƙidayar kalmomi da ita, akwai harshen C a cikinta, akwai kuma Fortran, tsohon harshen da kamfanin IBM ya fitar a 1957. Kowane harshe da tafintansa, kowane tafinta kuma yana da bugu-bugu, kamar littafi. Magini, watau manhaja irin su CMake mai tsara aikin, yakan nemo tafintan kowane harshe daban. Yana iya ɗauko na C++ sabon bugu, na Fortran tsoho, kowa ya gama aikinsa lafiya lau. Sai an zo ɗinke sassan rigima ta tashi.

Abin da ya faru a 2015 ya isa misali. A shekarar aka fitar da bugu na 5 na GCC, tarin tafintocin da Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Don a bi ƙa'idar C++ ta 2011, aka sāke yadda a ke ajiye jerin haruffa, aka kuma ƙara wata alama a cikin sunayen ayyukan da suka shafe shi. Saboda haka sashen da sabon tafinta ya juya sai ya kira aiki da sabon suna, alhali ɗakin ajiyar da tsohon ya juya tsohon suna ya sani. Saƙon da kan fito shi ne wai ba a sami aikin ba. Ga shi kuwa yana nan zaune! Wannan ya tuna mini da 'ya'ya da ƴaƴa: a Nijeriya ga yadda mu ke rubutawa, a Nijar ga nasu, duka daidai ne, amma nemi ɗaya a kwamfuta ka ga ko za ta kawo maka ɗayan.

A ganina mafi muni shi ne sa'ad da saƙon bai fito ba sam, manhaja ta haɗu, ta tashi, sa'an nan ta faɗi ana tsakiyar aiki, ko ta ba da lissafin da ba shi ne ba. Mai nazarin da ya dogara da ita bai san komai ba. Shi ya sa ƙwararru kan faɗa wa magini sunan kowane tafinta da lambar bugunsa tun kafin a fara, su kuma sāke juya dukkan sassan daga tushe duk ran da aka canza ɗaya daga cikinsu.