Awon Maharbi

A wani ƙauye da ke arewacin Dakoro, kusa da kwarin Tarka, akwai wani tsohon maharbi mai yatsu uku a hannun hagu. Sauran biyun bindigarsa ce ta ɗauke su tun yana saurayi, ranar da ya hangi garken bareyi, zumuɗi ya sa ya zarce awon albarushin da mahaifinsa ya yanka masa a guntun ƙaho. Bututun ya tsage, bareyin suka yi gaba abinsu.

Tun daga ranar bai sake ɗura harba-ruga da gaggawa ba. Kafin kowace fita sai ya kai ta maƙera, ya zauna gefen zuga-zugi yana kallo, maƙeri ya duba bututu, ya ɗaure abin da ya saki, ya bi kunama da magagari kaɗan-kaɗan, yana gogawa yana gwadawa, domin ƙarfen da aka goge ba ya komawa mazauninsa.

Wata rana jikansa, malamin lakwal, ya nuna masa a wayar salula yadda maharban Amurka da Faransa ke sake cika kwanson harsashi. Suna da matsi mai hannu da kuma ƴan ƙarafa masu rami waɗanda ke mayar da kwanso daidai girmansa. Sukan murɗa su sannu, su gwada, su auna, sa'an nan su ƙulle. Tsohon ya daɗe yana kallo, can ya ce: "Ɗan nan, nasu ma'aunin ƙarfe ne, namu ƙaho, amma tsoron ɗaya ne."

"Kaka, tsoron me, kai da ka kwana dawa kai kaɗai?"

"Tsoron ƙari," in ji shi.

Alal haƙiƙa awon nan bai tsaya ga albarushi ba. Wanda ke da harbi ɗaya tak, kuma sai ya ɓata lokaci kafin ya sake ɗuri, dole ya zaɓi abin da zai harba: yakan ƙyale mai ciki, ya ƙyale mai shayarwa. Da bindigogi masu ɓarin wuta da motoci suka shiga daji, ga farin 1973 da na 1984, sai namun dawa suka yi ta ƙarewa. Gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, ya rasa raƙuman dawansa baki ɗaya, sai a 2018 aka ɗauko takwas daga yankin Kure aka maido. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta zo ta rubuta a takarda iyakar da dattawa suka riƙe a zuci.

Yau bindigar tana rataye a zaure, ta yi tsatsa, ƙahon kuwa yana cikin aljihun tsohon tare da carbi. Jikan ya roƙe shi ya ba shi, domin ya nuna wa ɗalibai. Ya miƙa masa, sa'an nan ya ɗaga hannun hagun ya ce: "In za ka nuna musu ƙahon, ka gaya musu labarin wannan. In ba haka ba, ƙaho kawai za su gani."