Ranar da Muka Zauna a Ƙasa

Ranar Asabar na tara matasa tara da suka ba da kansu domin koyarwa a Makarantar Lahadi. Na ba su Luka sura 19, labarin Zakka, na ce kowa ya koyar da shi cikin minti biyar kamar yana gaban 'yan shekara bakwai.

Na farko ya tashi ya yi wa'azi sosai a kan barata da tsarkakewa, har da ɗaga yatsa. Kunya ta kama ni, domin ni yake kwaikwayo. Abin da ya gani a bagade ke nan tun yana yaro.

Sai wata 'yar'uwa ta ce mu zauna a ƙasa, ita ta tsaya a tsakiyarmu. Ta tambaya, wa ya taɓa shiga taro manya suka tare masa gani? Duk muka ɗaga hannu. Daga nan ta kai mu gindin itacen, inda Yesu ya ɗaga kai ya kira gajeren mutumin da sunansa.

'Yan'uwa, shekara da shekaru muna miƙa yaranmu ga duk wanda ba shi da wani aiki a ikkilisiya. Asabar mai zuwa ita za ta koyar, ni zan zauna a ƙasa. Ajin ƙanana har yanzu ba shi da malami.