Hoton Kare, Kuɗin Allura

A Ingila da Amurka akwai wata al'ada da in muka ba da labarinta a majalisar shayi a Kazaure, sai an yi dariya. Ƙungiyar kula da dabbobi ce za ta sa gasa, masu karnuka su ɗauki hoton karnukansu su aika, kowa ya biya ɗan kuɗin shiga. A wasu gasannin har ƙuri'ar ma saya ake yi. Hotunan da suka yi nasara sai a buga su a kalanda a sayar, kuɗin kuma a ciyar da karnukan da aka yasar, a yi musu magani. Tausayin kare ya daɗe a can: tun 1860 gidan karnuka na Battersea da ke Landan yake wannan aiki.

Dariyar tana da dalili. A wajenmu in aka kira mutum kare, an gama zaginsa. Kare ya ratsa unguwa, yara su bi shi da jifa. Ga kuma magidanta suna fafutukar na cefane, wa zai biya kuɗi don a kalli hoton kwikwiyo?

Sai dai mu da muka taso tsakanin duwatsun Roni da Kazaure mun san wani karen da ba a jifa. Da zarar an kawar da amfanin gona, rani ya kama, za ku ga mota shaƙe da mafarauta, ana kiɗa ana kirari, karnuka sun leƙo da kai. Dogaye ne, shafaffun ciki, wani da laya a wuya, wani da tabon da ya samo a dawa, kowanne da sunansa. Ku tambayi mafarauci labarin karensa ku gani, sai kun gaji da saurare: ranar da ya kamo zomo uku, ranar da ya ɓata a daji ya dawo gida da kansa. Haka makiyayan Babura, can wajen iyakar Nijar, karensu ne ke kwana a farke a bakin garke. Malamanmu na Islamiyya ma sun koya mana cewa an halatta ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gona, kuma mun ji labarin mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Ke nan masu karnuka muna da su, masu alfahari da su kuwa. Wayar ɗaukar hoto kuma ta shiga ƙauyuka.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da nauyi shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare suke kamuwa. Kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in waɗanda ke ƙananan azuzuwa a makarantunku da ƙannenku na gida. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Idan alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, da wuya ya tashi. Amma masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allurar rigakafi, cutar ba ta samun hanyar yawo. Allurar kare ta fi ta mutumin da aka ciza araha nesa ba kusa ba, kuma a nan gida ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato.

To, me zai hana wata makaranta a Gwiwa ko Roni ta juya gasar Turawa ta dace da mu? Ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta nemi izinin shugaban makaranta, ta je wajen Sarkin Dawa da mai unguwa, ta yi magana da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Kowane ɗalibi ya kawo hoton karen gidansu ko na maƙwabci, a liƙa a allo, a zaɓi gwani. Abin da aka tara a sayi allura.

Akwai wurare biyu da za a iya yin tuntuɓe. Na farko, kada a ɗebi kyautar gwani daga kuɗin shiga, domin nan take malamai za su ce caca ce, kuma da gaskiyarsu. Kuɗin duka na allura ne. Gwani ya karɓi takardar yabo, ko wani mai hali ya ba shi littafi. Na biyu, ba a tunkarar karen da ba a sani ba don neman hoto mai kyau. Mai shi ya riƙe shi, ku tsaya daga nesa. Karya mai shayarwa kuwa, ku bar ta da 'ya'yanta. In tsautsayi ya sa kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a wuce asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ciwon. Ba a jira a ga ko karen zai haukace.

Ranar da ta fi dacewa ma tana nan a ajiye. Ana tunawa da yaƙi da wannan cuta kowace 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur ya rasu, Bafaranshen da a 1885 ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurarsa. A lokacin an koma makaranta, damina tana bankwana, farauta ba ta fara ba, karnuka duk suna gida.